Busasshen Kogi a Mirrih da Lakar Gash

A watan Satumba na 2025, kwanaki kaɗan bayan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta sanar da cewa ta ga wasu alamu a jikin wani dutse a duniyar Mars waɗanda mai yiwuwa ƙananan halittu ne suka bar su tun zamanin da, maganar ta iso majalisarmu ta bayan sallar Isha'i a nan Kasala, a gabashin Sudan. Wani saurayi ne ya karanto ta daga wayarsa yadda aka turo masa, cewa an gano rayuwa a Mirrih, domin da wannan sunan na Larabci muka san duniyar a nan, kuma ko yaron da bai taɓa ɗaga kai ya dubi sama ba ya san sunan saboda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Umdurman mai jar riga. Baffana, wanda ya haura shekara 70 kuma ya ƙare ƙarfinsa a lambunan bakin kogin Gash, ya ajiye finjalin jabanarsa, wato gahawa, ya dube ni, da yake ni ne mai koyar da kimiyya a cikinsu, ya ce: "Ɗana, ka gaya mini gaskiya. Mutanen da suka kasa raba faɗa a Fashir, me suke nema wurin matattun ƙwari a wata duniya?"

Tambayar tana da nauyi, kuma wanda ya yi ta ya yi ta ne da ciwon zuciya, domin a lokacin gidansa cike yake da dangin da yaƙi ya koro daga Kartum da Wad Madani. Na yi watanni ina juya ta. Inda na tsaya shi ne wannan bincike ya cancanci a yi shi, kuma mu Hausawan Sudan, duk da halin da muke ciki tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a ƙasar, muna da dalilin bin sawunsa da idon basira, har mu shirya 'ya'yanmu su sa hannu a cikinsa.

Dole in fara gyara labarin da saurayin ya karanto, domin ba a gano rayuwa a Mirrih ba, kuma masu binciken da kansu ba su ce sun gano ba. Motar bincike mai suna Perseverance, wadda girmanta ya kai na ƙaramar mota kuma nauyinta ya ɗan wuce tan 1, ta sauka a ranar 18 ga Fabrairu 2021 a wani ƙaton kwari da ake kira Jezero, mai faɗin kilomita 45 ko kusa da haka. A watan Yuli na 2024, tana bin wani busasshen kwazazzabon kogi da ya taɓa zuba ruwa cikin kwarin, ta tarar da wani jan dutse na daskararriyar laka wanda tsawonsa ya kai mita 1, jikinsa da ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske a tsakiya da baƙin zobe a kewaye, irin dabbare-dabbaren fatar damisa. Na'urorinta suka nuna cewa akwai sinadaran kabon irin waɗanda ake gina jikin halitta da su, kuma a wurin ɗigon akwai ma'adinai biyu, ɗaya na ƙarfe da fosfaras, ɗaya na ƙarfe da farar wuta. A duniyarmu akan sami irin waɗannan ma'adinai a cikin laka inda ƙananan halittun da ido ba ya gani suka ci ruɓaɓɓen abu suka bar saura. Sai dai ana iya samun su ba tare da wata halitta ba, musamman inda aka yi zafi mai tsanani ko ruwa ya yi tsami ƙwarai. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Joel Hurowitz na jami'ar Stony Brook, sun shafe fiye da shekara guda suna neman hanyar da za su rushe nasu zaton, suka ce ba su ga alamar irin wannan zafin ko tsamin a jikin dutsen ba, amma hakan bai isa hujja ba. Kalmar da suka zaɓa ita ce alama mai yiwuwa, kuma a nan suka ja linzami.

Wanda ya tashi a bakin Gash ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane dalilin da ya sa aka aika motar wannan wuri. Koginmu yana gangarowa daga tsaunukan Eritiriya a 'yan watannin damina, ya zo da ruwa ja mai kauri, ya wuce gari ya bazu a fili ta arewa, ya sauke lakarsa a can ba tare da ya kai teku ba. Sauran watannin shekara yashi ne kawai, jakai da kekunan doki suna ratsa tsakiyarsa. Amma baƙon da ya zo da rani, in yana da lura, zai san kogi ne: zai ga tsakuwa masu santsi waɗanda ruwa ya mulmula, zai ga yadda manyan duwatsu suka tsaya a sama ƙananan suka yi nisa, zai ga laka ta kwanta hawa-hawa. Abin da aka gani a Mirrih ke nan. Motar Curiosity, wadda ta sauka a kwarin Gale a watan Agusta na 2012, ta tarar da mulmulallun tsakuwa cikin 'yan makonni da saukarta, daga baya ta huda daskararriyar lakar wani tsohon tafki wanda ruwansa bai cika gishiri ko tsami ba. A Jezero kuwa hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna inda kogi ya shiga tafki ya baje lakarsa kamar mafici, fiye da shekara biliyan 3 da rabi da suka wuce. Laka mai laushi ita ce ta fi iya rufe abu ta adana shi, shi ya sa aka nufi can.

Yau Mirrih hamada ce mai tsananin sanyi, iskarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tamu ba, kuma ruwa ba ya iya kwanciya a samanta. Faɗinta kusan rabin na duniyarmu ne, don haka cikinta ya riga namu hucewa, garkuwar maganaɗisun da ke kare ta ta mutu wajen shekara biliyan 4 da suka wuce, guguwar da ke fitowa daga rana kuma ta yi ta kwashe iskarta a hankali, kamar yadda kumbon MAVEN da ya isa can a 2014 ya auna. Mu da muke zaune a gefen Sahara bai kamata wannan ya zama mana abin mamaki ba. A arewa maso yammacin ƙasar nan akwai Wadi Howar, wanda shekaru dubbai da suka wuce kogi ne mai zuba cikin Nilu, kuma masu tonon tarihi sun tarar da ƙasusuwan kifi da kada da dorina da fasassun tukwane a inda yau ko ciyawa ba ta tsira.

Abin da ya sa tambayar ta zama babba shi ne lokacin. Tsofaffin alamun rayuwa da masana suka fi yarda da su a duniyarmu, irin tudun-tudun duwatsun da ƙananan halittu suka gina a yankin Pilbara na yammacin Ostareliya, shekarunsu kusan biliyan 3 da rabi ne. Ke nan a zamanin da rayuwa take tsirowa a nan, maƙwabciyarmu ma tana da koguna da tafkuna. Duwatsunmu na wancan zamani kaɗan ne suka rage, domin motsin ɓawon ƙasa da ruwan sama da aman wuta sun niƙe su sun sake narka su, amma na Mirrih suna nan a shimfiɗe kusan yadda aka bar su. Idan aka tabbatar da cewa rayuwa ta taɓa tsirowa a can da kanta, to za mu san cewa inda ruwa da yanayi suka haɗu abin yakan faru, kuma sararin da ke cike da biliyoyin duniyoyi ba kango ba ne. Idan kuma aka tona da gaske aka ga babu komai a wurin da komai ya dace, za mu san cewa abin da muke takawa kullum a gona, har tsutsar da ke cikin taki, ya fi tsada fiye da yadda muka ɗauka. Ban ga amsar da za ta fito daga cikin biyun nan ta zama asara ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina, wanda kuma nake ganin ya fi amfanar mu a yau, shi ne yadda masu wannan aiki suka koyi riƙe bakinsu, kuma da wuya suka koya. A 1976 kumbuna biyu masu suna Viking suka sauka a Mirrih ɗauke da gwaje-gwajen neman rayuwa. A ɗaya daga ciki an ɗiga wa ƙasar ruwan abinci, sai ga iska tana fitowa kamar wani abu yana ci yana numfashi. Wata na'urar kuma da ta gasa ƙasar ta nemi sinadaran jikin halitta ba ta samu ba. Aka yi ta jayayya, mafi yawan masana suka tafi a kan cewa sinadaran ƙasar ne suka yi aikin, shi kuwa mai gwajin, Gilbert Levin, ya rasu a 2021 yana nan a kan bakansa cewa rayuwa ya gani. Sai a 2008 kumbon Phoenix ya gano cewa ƙasar Mirrih tana ɗauke da wani gishiri mai ƙona sinadaran kabon idan aka gasa su tare, abin da ya nuna cewa na'urar ta biyu mai yiwuwa ta lalata abin da take nema da hannunta. Shekara 32 aka jira kafin a fahimci wannan ɓangaren kawai.

Na biyu ya fi wannan amo. A watan Disamba na 1984 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 2 a ƙanƙarar Antaktika, daga baya aka gane cewa daga Mirrih ya ɓalle ya faɗo. A watan Agusta na 1996 wasu masana na NASA ƙarƙashin David McKay suka ce sun ga siffofi kamar ƙananan tsutsotsi a cikinsa, har shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya fito ya yi jawabi a kai. Sauran masana suka karɓi gutsattsarin dutsen suka duƙufa, suka nuna ɗaya bayan ɗaya cewa ruwa da zafi da dutse suna iya haifar da kowace alama daga cikin waɗanda aka kafa hujja da su. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma masu binciken Mirrih sun ɗauki wannan karatu, shi ya sa a 2025 suka ƙi furta kalmar da jaridu suke so su ji.

Ina ba wannan ɗabi'a muhimmanci ne saboda na ga abin da rashinta yake yi. A shekarun nan na yaƙi saƙon murya guda a WhatsApp ya isa ya tashi unguwa da tsakar dare, mata su ɗauki yara su bi hanya, gari ya waye a ga babu abin da ya faru. Na ga hoton wata ƙasa da aka liƙa wa sunan garinmu, na ga maganin kwalara na ƙarya yana yawo daga waya zuwa waya a lokacin da ake binne mutane. Yaron da aka koya masa ya tambayi wa ya gani, da me ya auna, wace hanya ce kuma za ta iya kawo wannan alamar in ba abin da ake zato ba, ya sami makamin da zai yi masa aiki a kasuwa da asibiti da rumfar zaɓe. Addininmu ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma ban san wani darasi na aji da yake nuna wannan a aikace kamar tarihin neman rayuwa a Mirrih ba.

Tunda na taɓo addini, akwai ɓangarori biyu da ba na tare da su. Akwai masu cewa wannan bincike shisshigi ne cikin ikon Allah. Ni ban ga haka ba, domin aya ta 20 a Suratul Ankabut tana umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta, kuma duban abin da aka halitta ba ya rage wa Mahalicci komai. Akwai kuma masu gaggawa, waɗanda da zarar NASA ta yi magana sai su ɗauko aya ta 29 a Suratus Shura, wadda ta ambaci abin da aka watsa na dabbobi a sammai da ƙasa, su ce ga shi an tabbatar. Malaman tafsiri sun yi wa ayar bayani ta fuskoki daban-daban tun kafin a ƙera kumbo, kuma wanda ya ɗaure ayar a jikin sanarwar 1996 ya jawo wa kansa kunya lokacin da sauran masana suka raunana hujjar. Imani ba ya jiran sakamakon ɗakin gwaji, shi ma ɗakin gwaji a bar shi ya yi aikinsa da nasa ma'aunin.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar tambayar Baffa. Ƙera Perseverance da harba ta da tafiyar da ita ya ci dala biliyan 2.7 ko kusa da haka, kuma ba na musun cewa da an zuba wannan kuɗi a sansanonin 'yan gudun hijira da an ceci rayuka. Sai dai cibiyar binciken zaman lafiya ta Stockholm ta ƙiyasta cewa a 2024 kaɗai ƙasashen duniya sun kashe dala tiriliyan 2.7 a kan sojoji da makamai, wato ninki 1,000 na kuɗin motar. Abin da aka kashe mata bai kai abin da rundunonin duniya suke ci cikin awa 9 ba. Jiragen yaƙi marasa matuƙa da suka riƙa faɗa wa tashoshin wutar lantarkinmu ba daga asusun binciken Mirrih aka saye su ba, kuma da za a rufe wannan bincike gobe, babu wanda zai kawo kuɗin ga 'yan gudun hijirar sansanin Zamzam na Darfur ko na Gadarif. Fushin Baffa daidai ne, amma akwai waɗanda suka fi masu auna laka cancantarsa. Hasali ma yaƙi yana cin wannan aiki kamar yadda yake cin mu: motar Turai mai suna Rosalind Franklin, wadda aka ƙera don ta huda ƙasar Mirrih har zurfin mita 2 inda hasken da ke ƙona sinadarai ba ya kai wa, ta rasa tafiyarta ta 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukren, aka ɗage ta zuwa 2028.

Ita kanta amsar dutsen mai dabbare-dabbare tana nan a rufe. Motar ta huda shi ta zuba gutsurensa, mai kaurin allin rubutu, a cikin bututun ƙarfe ta toshe, kuma sai an kawo shi duniya an sa shi ƙarƙashin manyan na'urori kafin a iya yanke hukunci. Wani kwamiti da ya duba shirin ɗauko waɗannan bututu a 2023 ya ce kuɗin zai iya kai wa dala biliyan 11, shirin kuma ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi tun daga lokacin. A ganina barin su a can bayan an sha wannan wahala kuskure ne, kamar manomin da ya yi noma ya yi girbi ya ɗaure dammuna, sannan ya ce kuɗin jakin da zai kai su gida ya yi yawa.

Wani zai ce duk wannan harkar manyan ƙasashe ce, mu namu kallo. Tarihin ƙasar nan ya ƙaryata shi. A ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban taurari a Arizona, Richard Kowalski, ya hango wani dutse mai faɗin kusan mita 4 yana nufo duniya, aka yi lissafi aka ce zai faɗo arewacin Sudan cikin ƙasa da kwana guda. Da asubahin 7 ga wata ya tarwatse a sama da hamadar Nubiya, mutanen Wadi Halfa suka ga haskensa. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka ga irin wannan dutse tun yana sarari kafin ya faɗo. A watan Disamba na shekarar, Dakta Muawiya Shaddad na Jami'ar Kartum da Peter Jenniskens daga Amurka suka ɗebi ɗalibai da ma'aikatan jami'ar su 45, suka kai su kusa da tasha ta 6 a kan layin dogon da ya haɗa Wadi Halfa da Abu Hamad, suka jera su sahu guda kamar masu shuka, suna tafiya a ƙasa suna duban tsakuwa. Da idanun waɗannan yara aka tsinto baƙaƙen gutsattsarin, waɗanda a ƙarshe suka kai kusan 600, nauyinsu kilo 10 da 'yan kai, kuma duniya ta san su da sunan Almahaɗɗa Sitta, wato tasha ta 6 da Larabci. A cikinsu aka sami sinadaran amino asid, tubalan da ake gina furotin da su, abin da ya ƙarfafa fahimtar cewa irin waɗannan tubala suna samuwa a sarari kuma suna faɗowa kan duniyoyi. A 2018 wasu masana a Suwizalan suka duba ƙananan lu'ulu'un da ke ciki suka ce sun samu ne a cikin wata duniya da ta tarwatse tun farkon tsarin rana, wadda girmanta yake tsakanin na Uɗarid, wato Mercury, da na Mirrih.

Waɗannan ɗalibai ba su da kumbo, abin da suke da shi jami'a ce a buɗe da malami da ya san darajar abin da ya faɗo. Wannan ne abin da yaƙi ya ƙwace mana, ya warwatsa malamai da ɗalibai, ya mayar da azuzuwa ɗakunan kwana na waɗanda suka rasa gidajensu. Mu Hausawa kuma muna da wani ƙarin nauyi a kanmu, domin kakanninmu sun taso daga Sakkwato da Kano da Katsina da ƙafa suka nufi Makka, wasu suka yada zango a Maiwurno da Jazira da nan gabas, amma har yau yaranmu da yawa akan cire su daga aji a tura su tsinkar auduga ko tura kura. A watan Mayu na 2023 Rayyana Barnawi, mai binciken cutar daji daga Saudiyya, ta tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kuma duk wanda ya ji wannan laƙabi a cikinmu ya san Barno yake nunawa. Na ga yadda 'yan mata a ajina suka gyara zama da na faɗi sunanta.

Da rani ya shiga na ɗauki wayata na sami Baffa a lambunsa yana gyaran kwalbatin ban ruwa. Na nuna masa wani hoto da Curiosity ta ɗauko a kwarin Gale, na busasshiyar laka da ta tsage gida-gida masu kusurwa shida, ban gaya masa daga ina yake ba. Ya share hannunsa a jikin rigarsa, ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan laka ba sau ɗaya ta sha ruwa ba, ta jiƙa ta bushe ta sake jiƙa shekara da shekaru, domin wadda ta bushe sau ɗaya ba haka take tsagewa ba. Abin da masu binciken suka wallafa ke nan a 2023. Na ce masa, "Baffa, Mirrih ce." Ya yi shiru, ya sake duban hoton, ya miƙo mini wayar ya ce har yanzu bai yarda da maganar kuɗin ba, amma in an kawo dutsen nan gida an duba, in zo in gaya masa abin da aka samu.